Yadda ake hasashen furotin mai rikiɗewa amiloyid da kwamfuta: jagora ga ɗaliban Damagaram

Ɗalibin kimiyyar halittu ko na likitanci da ke neman batun memwar a nan Damagaram, wanda ba ya buƙatar na'urori masu tsada, ga aiki ya samu. Kwamfuta ƴar madaidaiciya, intanet ko da na wayar hannu ne, da haƙuri, sun isa a ɗauki furotin a tambaye shi: a cikin jerin amino asid ɗinka, ina ne wurin da zai iya mannewa da ɗan'uwansa har ku zama zaren amiloyid? Manhajojin da ke amsa wannan tambaya kyauta ne akasarinsu. Sai dai saurin amsarsu shi ne tarkonsu. Cikin daƙiƙoƙi za su zana maka jajayen wurare, kai kuma ka ɗauka ka gano cuta. Ba ka gano ba tukuna.

Abin da ake nema

Furotin sarƙa ce ta ƙananan tubala da ake kira amino asid. Furotin lafiyayye yakan naɗe kansa cikin siffa guda, ya yi aikinsa. Amiloyid na samuwa ne idan furotin iri ɗaya suka warware, kowanne ya baje, suka hau kan juna kamar faya-fayen da mai sayarwa ta jera a kasuwar Dole, ɗaya bisa ɗaya, har tsayin ya zama dogon zare. Tazarar da ke tsakanin hawa da hawa kusan angistiram 4.8 ce (ma'aunin tazarar ƙwayoyin zarra ke nan). Wannan jeri na guntaye a baje shi ake kira shimfiɗar beta, tsakanin shimfiɗa da maƙwabciyarta kuwa kusan 10 ne. Zaren yana da taurin kai, jiki ba ya iya narkar da shi cikin sauƙi. Shi ake samu a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wato zaren furotin Abeta da tau, da masu Parkinson, wato alfa-sinukilin mai amino asid 140. Shi ake samu a saifar sukari ta masu ciwon suga nau'i na biyu, inda furotin mai suna amilin ke taruwa. Wanda likitocinmu suka fi iya cin karo da shi kuwa shi ne nau'in AA, mai biyo bayan ciwon da ya daɗe yana ci kamar tarin fuka, kuturta ko ruɓar ƙashi, ya je ya lalata ƙoda.

Kada a haɗa wannan da sikila. Gaskiya ne haimogulobin S ma yana yin zare a cikin jan ƙwayar jini, saboda amino asid balin ya maye gurbin gulutamet a wuri na 6. Amma can furotin ɗin yana nan da naɗinsa, kuma zaren yana warwarewa da zarar iskar oksijin ta dawo. Ba amiloyid ba ne, manhajojin da za mu yi magana a kansu ba don shi aka gina su ba.

Abin da ya sa hasashe ya yiwu shi ne, ba dukan furotin ne ke fara mannewar ba. Ɗan guntu ne, amino asid biyar zuwa goma sha biyar, sau da yawa shida kacal. A Abeta akwai KLVFF daga 16 zuwa 20 (kowane harafi amino asid ɗaya ne, lambobin kuma matsayinsu ne a jerin). A tau akwai VQIVYK daga 306 zuwa 311. A 2005 ɗakin gwajin David Eisenberg a Amurka ya fitar da siffar guntun GNNQQNY na furotin Sup35 na yis, aka ga shimfiɗu biyu sun sarƙe haƙoransu babu ko ɗigon ruwa a tsakani. Irin waɗannan guntaye muke farauta.

Mataki na farko: ɗauko jerin, kuma ka yanke shi daidai

Shiga UniProt, ma'ajiyar jerin furotin a intanet, ka rubuta lambar furotin, ka sauke jerinsa a tsarin FASTA, wato jerin haruffa zalla da layin suna a sama. Za mu yi aiki da amilin na ɗan Adam, lambarsa P10997. A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa tun kafin a fara. Abin da UniProt zai ba ka amino asid 89 ne, domin ya haɗa da saƙon fitarwa, wato guntun farko mai nuna wa furotin hanyar fita daga ƙwayar halitta, da sauran guntayen da jiki ke yankewa. Amilin da ke yawo a jini 37 ne kawai, daga 34 zuwa 70 na wancan dogon jerin. Duba sashen da ke bayanin sarrafa furotin a shafin, ka yanke. Ga abin da ya kamata ya rage a hannunka:

KCNTATCATQRLANFLVHSSNNFGAILSSTNVGSNTY

Me ya sa yankan ya zama dole? Saƙon fitarwa cike yake da amino asid masu gudun ruwa, irin su lusin da balin. Kowace manhaja za ta daka masa ja, alhali jiki ya yar da shi tun a cikin ƙwayar halitta. Haka abin yake ga sassan furotin da ke nitse cikin fatar ƙwayar halitta. Idan furotin naka ba a yi masa cikakken bayani a UniProt ba, fara wuce da shi ta SignalP da DeepTMHMM, ka san inda waɗannan sassa suke, ka ware su gefe.

Buɗe takardar lissafi a Excel ko LibreOffice tun yanzu. Layi ɗaya ga kowane amino asid, da lambarsa da harafinsa, sannan ginshiƙi ɗaya ga kowace manhaja. Duk sakamakon da ya fito ka sauke shi nan take, ka kwafa a kile. Wanda kuran ya taɓa ɗauke masa a tsakiyar aiki cikin zafin Afrilu ba ya buƙatar a faɗa masa dalili.

Mataki na biyu: nemi abokin gwami

Kada ka taɓa gwada furotin shi kaɗai. Maki 40 ko 60 ba ya nufin komai sai an ajiye shi kusa da wani abu da aka san halinsa. Kana buƙatar wanda aka tabbatar yana yin amiloyid, da wanda aka tabbatar ba ya yi. Ga amilin, Allah Ya hore mana abokin gwami mai kyau, wato amilin na ɓera:

KCNTATCATQRLANFLVRSSNNLGPVLPPTNVGSNTY

Ajiye su sama da ƙasa ka ƙirga. Wuri shida kawai suka bambanta: 18, 23, 25, 26, 28 da 29. Uku daga ciki, wato 25, 28 da 29, furolin ne, wato harafin P, a jikin ɓera. Furolin ba ya zama cikin shimfiɗar beta, karya ta yake yi. Shi ya sa na ɓera ba ya yin zare kamar namu. Masu haɗa magani sun ari wannan dabara suka sa furolin a waɗannan wurare uku na amilin ɗin mutum, aka samu maganin suga mai suna pramlintide, wanda Amurka ta amince da shi a 2005.

Mataki na uku: yi lissafin da hannu sau ɗaya

Wasu za su ce ɓata lokaci ne. Ni a ganina wanda bai yi wannan ba, danna maɓalli kawai yake yi. Tun 2003 Fabrizio Chiti da Christopher Dobson suka nuna cewa abubuwa uku ne ke jan saurin dunƙulewa: gudun ruwa, son shiga siffar beta, da ƙarancin caji. Mu ɗauki na farko, da ma'aunin Kyte da Doolittle na 1982. A ma'aunin, I yana da 4.5, V 4.2, L 3.8, F 2.8, A 1.8, G kuma −0.4, P −1.6, N da Q kowanne −3.5, K −3.9, R −4.5.

Ɗauki haruffa shida daga 22 zuwa 27 na mutum, NFGAIL. Tara su: −3.5 da 2.8 da −0.4 da 1.8 da 4.5 da 3.8, jimla 9.0, raba shida ya ba da 1.5. Na ɓera a wuri guda, NLGPVL, jimlarsa 6.3, matsakaici 1.05. Ka ga ya sauka, amma saukar ba ta kai yadda bambancin yake a zahiri ba, domin ma'aunin bai san cewa furolin mai karya shimfiɗa ba ne, ruwa kawai ya sani. Yanzu gwada GNNQQN. Jimlarsa −17.9, matsakaici kusan −3. Bisa wannan ma'auni mai tsananin son ruwa ne, alhali shi ne zakaran gwajin dafin amiloyid. Daga wannan ɗan lissafi ka riga ka fahimci dalilin da ya sa manhaja ɗaya ba ta isa.

A takardarka sai ka ja wannan taga ta haruffa shida daga farkon jeri zuwa ƙarshe da umarnin matsakaici. Wannan ginshiƙi ba ya buƙatar intanet.

Mataki na huɗu: manhajojin jeri

Suna da yawa, amma ba tunani ɗaya suke yi ba, kuma abin da ya kamata ka zaɓa ke nan: guda uku ko huɗu masu hanyoyi daban-daban.

TANGO ta fito a 2004 daga ƙungiyar Luis Serrano, tare da Frederic Rousseau da Joost Schymkowitz. Lissafin kimiyyar zafi take yi, tana auna gasar da ke tsakanin siffofi: wannan guntu zai fi son ya murɗe, ya lanƙwasa, ko ya manne? Ita ce ke tambayarka yanayi, don haka kada ka bar abin da ka tarar a akwatin. Zafin jiki, digiri 37, shi ne 310 a ma'aunin Kelbin. Jini pH 7.4 ne, ƙarfin gishiri kusan 0.15. Ga amilin ka zaɓi cewa ƙarshen jerin a toshe yake da amid, domin haka yake a jiki. Ƙa'idar karatu ita ce amino asid biyar a jere, kowanne da maki 5 cikin ɗari ko sama. Sannan ka sake gudanar da ita a pH 5.5, kusan yanayin jakar da ake ajiye amilin tare da insulin a cikin saifar sukari. A wannan tsami histidin na 18 yana ɗaukar caji, kuma an san amilin ya fi jinkirin dunƙulewa a can. Abin lura: TANGO dunƙulewar beta take hasashe gaba ɗaya, ba ta rantse maka cewa dunƙulen zai zama zare mai tsari ba.

AGGRESCAN ta ƙungiyar Salvador Ventura ce a Basalona, 2007. Ma'auninta daga gwaji na gaske ya fito: an riƙa canza amino asid na 19 a Abeta ana duba yadda yake dunƙulewa a cikin ƙwayar E. coli. Sauƙi gare ta, ka manna jeri ta ba ka wurare masu zafi.

WALTZ, 2010, ita aka horar da guntaye masu haruffa shida da aka gwada a ɗakin gwaji, don ta raba zare na gaskiya da dunƙule mara tsari. Tana da matakan tsanani uku. Gudanar da mai tsauri da mai sassauci duka, ka rubuta kowanne a ginshiƙinsa. PASTA 2.0 ta jami'ar Padoba a Italiya, 2014, tana lissafin ƙarfin haɗuwar guntu da guntu, har ta gaya maka ko jerin gwano za su yi ko kai da ƙafa. ZipperDB kuwa tana ɗora kowane haruffa shida a kan ƙashin siffar irin ta GNNQQNY ta auna ƙarfin zamansu da manhajar Rosetta, duk wanda ya kai −23 ko ƙasa ana ɗaukarsa mai yiwuwa ne.

Idan furotin naka cike yake da Q da N, kamar na yis ko wasu furotin masu kama RNA, waɗancan na farko za su iya wuce shi ba su gani ba. Nan PLAAC ke shigowa. Mai iya yaren kwamfuta na R kuma ya sauke AmyloGram a kwamfutarsa, ya huta da jiran intanet. Wasu shafukan suna neman rajista da adireshin imel, wasu kuma sukan kwana biyu a rufe. Kada ka bar wannan mataki sai ana saura mako guda ka miƙa aiki.

Mataki na biyar: karanta takardar

Yanzu kana da ginshiƙai. Sa 1 inda manhaja ta ce e, 0 inda ta ce a'a, ka tara a ginshiƙi na ƙarshe. Wurin da uku cikin huɗu suka yarda, shi ne ɗan takararka na gaba. AmylPred2 ta jami'ar Atina tana yin irin wannan haɗin da hanyoyi 11, amma yin sa da hannu ya fi koyarwa, domin za ka ga wace ce ta ƙi da kuma dalili. Ka tuna kuma yardar manhajoji ba shaidu ne masu zaman kansu ba. Da yawansu guntaye iri ɗaya aka koya musu.

A amilin na mutum, sa ido a wurare biyu: kewayen ANFLVH, 13 zuwa 18, da kewayen NFGAIL, 22 zuwa 27. A na ɓera makin wuri na biyu ya kamata ya faɗi. Idan bai motsa ba ko kaɗan, koma ka duba jerin da ka manna. Amma ga abin da ya fi muhimmanci. Daga 1 zuwa 17 haruffan mutum da na ɓera iri ɗaya ne, don haka duk abin da manhaja ta gani a LANFLV na mutum, kusan shi za ta gani a na ɓera. Ga furotin da ba ya yin amiloyid, ga kuma ja a jikinsa. Wannan ba kuskuren manhaja ba ne. A 2010 ƙungiyar Eisenberg ta nuna cewa kusan kowane furotin yana ɗauke da aƙalla guntu ɗaya mai iya yin zare. Mutum na da furotin kusan 20,000, amma waɗanda aka sani suna taruwa a jiki su zama amiloyid na cuta kimanin arba'in ne.

Duba kuma maƙwabtan guntun. Halitta takan kafa masu gadi a gefen wurare masu haɗari: P, K, R, E da D. Masu caji suna ture juna, furolin yana karyawa. Idan kana nazarin wani sauyin gado, tambayar farko ita ce ko ya cire mai gadi ne.

Mataki na shida: guntun a waje yake ko a ɓoye?

A nan aikin yake. Amilin da Abeta da alfa-sinukilin ba su da tsayayyen naɗi, guntayensu a fili suke, shi ya sa manhajojin jeri ke yin kyau a kansu. Furotin mai naɗi kuwa ya binne masu gudun ruwansa a ciki, kuma su ne ma ke riƙe da naɗin. Ja a irin wannan wuri ba labari ba ne.

Don haka nemi siffar furotin a PDB, ma'ajiyar siffofin da aka gano a ɗakin gwaji. Idan babu, ɗauko ta daga ma'ajiyar AlphaFold ta siffofin da kwamfuta ta yi hasashe, wadda aka buɗe a 2021. Duba makin pLDDT, mai nuna yadda AlphaFold ta amince da hasashenta: ƙasa da 50 galibi alama ce ta sashen da ba shi da naɗi, ka tabbatar da IUPred. Buɗe siffar a PyMOL ko ChimeraX, ka shafa wa guntayenka launi, ka juya ka gani. Sannan ka aika fayil ɗin zuwa Aggrescan3D, wadda ke auna kowane amino asid tare da maƙwabtansa na fili da kuma yadda ya buɗe ga ruwa. Kada ka nemi AlphaFold ta zana maka zaren kansa. Furotin ɗaya na iya yin zare iri-iri: tun 2017 da aka fara ganin zaren tau daga ƙwaƙwalwar mai Alzheimer da madubin lantarki mai sanyi a Kambirij, an gano cewa tau ɗin nan guda yana naɗewa daban a cututtuka daban. Jeri kaɗai ba ya faɗin wanne.

Misalin da ya shafe mu kai tsaye shi ne taranstiretin, P02766, wanda hanta ke yi, yana ɗaukar sinadarin tayirod da kuma furotin mai dakon bitamin A. Akwai sauyin gado V122I, asalinsa Afirka ta Yamma, kuma kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na baƙaƙen fatar Amurka suna ɗauke da shi. Yana iya jawo taurin tsokar zuciya, yawanci bayan shekara sittin. Fara da lamba: a UniProt jerin 147 ne saboda saƙon fitarwa mai 20, don haka 122 na likitoci shi ne 142 a can. Canza V zuwa I ka gudanar da manhajojin jeri. Da ƙyar za ka ga wani abin kirki ya motsa, 4.2 ne ya koma 4.5, dukansu masu gudun ruwa ne masu son beta. To ina cutar ta fito? Taranstiretin huɗu-huɗu yake tafiya a jini, kuma sai huɗun sun rabu kafin dunƙulewa ta fara. Sauyin yana sassauta wannan haɗi ne, su rabu da wuri. Maganin tafamidis, da aka amince da shi don ciwon zuciyar a Amurka a 2019, ɗaure huɗun yake yi.

Saboda haka ga irin wannan furotin tambayar ta koma ta ƙarfin naɗi, kuma manhajar FoldX mai auna wannan ƙarfi ake sa wa, wadda ke cikin Aggrescan3D. Ka kula ka sauke haɗin da ke aiki a jiki, mai sarƙa huɗu. Fayil ɗin PDB na yau da kullum sau da yawa biyu kawai yake nunawa, na AlphaFold kuma ɗaya. Idan ka ba manhaja ɗaya tilo, fuskokin da ke manne da ƴan'uwa za su bayyana a buɗe, ta cika maka su da ja na ƙarya.

Yanayi ma yana buɗe abin da ke ɓoye. Insulin na da guntun LVEALYL a sarƙar B, 11 zuwa 17, kuma zafi da girgiza suna sa shi yin zare. Kwalbar da ta sha rana da jijjiga a bayan kabu-kabu daga kantin magani zuwa Kara-Kara ko Garin Malam tana cikin yanayin da masu gwaji ke ƙirƙira da gangan idan suna son insulin ya dunƙule. Masu ajiye tasu kusa da randa inda babu firji suna da hujja.

Mataki na bakwai: rubutawa

Rubuta lambar UniProt, iyakar jerin da ka yanka, sunan kowace manhaja da sigarta, ranar da ka gudanar, pH, zafi da matakin tsanani. Wanda ya karanta ya iya maimaitawa ya samu abin da ka samu. Sa sakamakon abokan gwami a jadawali ɗaya da na furotin naka. Kada ka kwatanta makin TANGO da na PASTA kai tsaye, ma'auninsu daban ne, wuraren da suka nuna ake kwatantawa.

Kalmar da za ka yi amfani da ita ita ce “ana hasashen”, ba “an gano” ba, kuma malaman da za su zauna a kan memwar ɗinka suna da haƙƙin tsayar da kai a kan wannan. Kafin ka ce guntunka sabo ne, neme shi a WALTZ-DB, mai guntaye sama da 1,400 da aka gwada, da kuma AmyPro, mai tara furotin da aka tabbatar. Wataƙila wani ya riga ya gwada shi.

A babin shawarwari ka faɗi gwajin da zai tabbatar ko ya ƙaryata hasashen: a haɗa guntun, a sa masa rinin tiyofilabin T mai ƙyalli idan ya kama zare, a haska shi da haske mai tsawon kusan nanomita 440 a auna ƙyallinsa a kusan 482. A rina shi da jan Kwango a duba ko zai ba da kore a ƙarƙashin madubi mai tace haske. Daga ƙarshe a ga zaren ido da ido a madubin lantarki. Ka kuma ba da shawarar a haɗa guntu na biyu da aka sa wa furolin a tsakiya, a gwada su tare a faranti ɗaya.